Vokal ɗin Inna da ban buɗe ba sai bayan kwana 11

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan abu ina fasawa, don duk sanda na fara sai zuciyata ta yi nauyi in ajiye wayar. Amma shekaranjiya wani yaro da muke layi guda a kasuwa ya ce min "yaya wallahi ni ko lokacin tunani bani da shi", yana faɗi yana murmushi kamar wanda ya ci riba, sai na ji gabana ya faɗi don da bakina na sha faɗin wannan magana shekara da shekaru, kuma na san inda ta kai ni.

Ni mutumin Adar ne, wani ƙauye kusa da Tawa aka haife ni, ni ne ɗan fari wurin Innata. Babanmu ɗan cirani ne kamar yawancin mazan wajenmu, Abijan yake tahiya, wani lokaci shekara biyu ba mu ganshi ba sai dai saƙo da ɗan abin da ya aiko hannun masu dawowa. Don haka Inna ce komi. Ita ce daka, ita ce rijiya, ita ce gona da damina, ita ce awaki, ga mu mu biyar. Wanda ya san ƙasarmu ya san ruwa ba kusa yake ba kuma rijiya zurfi gare ta, mace tana iya ɓata rabin safiya a kan tulu biyu. To duk da wannan wahala akwai abu guda da ban taɓa ganin Inna ta bari ba, in ta sallame sallar asuba ba ta tashi, sai ta zauna kan tabarmarta bakin ɗaki tana fuskantar gabas, carbi a hannu, wani lokaci ma carbin baya motsi, shiru kawai har gari ya fara haske. Awaki na kuka, turmi na jiranta, ƙanena na goye na motsi, ita tana zaune. Wata rana ina yaro na ce Inna barci kike? Ta ce a'a, wanda zai tahi rijiya tun a gida yake duba igiyarshi. Ban gane ba lokacin, na ɗauka maganar manya ce kawai.

Kuma saboda ni ɗan fari ne ba ta taɓa kiran sunana ba, alkunya irin ta iyayenmu. Ina yaro "kai yaro" take cewa, da na girma na koma birni sai ta koma ce min "na Yamai".

A 2006 na zo Yamai wurin kawuna mai shago a Babbar Kasuwa, na yi mishi yaron shago shekara biyar, daga baya ya sallame ni da ɗan jari na kafa tebur nawa na kayan salula, caja, batir, kwali, abin kunne, irin su. Allah ya sa albarka, tebur ya zama shago, shago ya zama biyu, na yi aure, Allah ya ba mu ɗiya huɗu, daga 2018 na fara haɗa kuɗi da wasu abokai muna sauke kaya ta Kwatano. Nan ne rayuwata ta zama gudu. Waya biyu gare ni kowace da sim biyu, tun kafin in wanke ido nike duba WhatsApp, mai kaya a Cana yana magana tsakar dare saboda bambancin lokaci, tiranzite mai fitar mana da kaya daga tashar jirgin ruwa yana kira daga Kwatano, direba yana kira daga Gaya bakin iyakar Benin, kwastoma na Maradi da Agadas suna jiran in sa musu kaya a kar, wato motar bas. Sallah ina yi alhamdulillahi ban taɓa bari ba, amma gaskiya irin sallar da kana sujada kana lissafin kuɗin duwan, wato kwastan, ce, ana sallamewa hannuna na cikin aljihu. Da dare in na rufe shago sai in tsaya fada a sha shayi har 12, wai hutawa nike, nan ma rabin hira rabin waya. In koma gida ɗiya sun yi barci, in fita da safe suna shirin lakkol ina kan moto ina ce musu ku yi sauri.

Kuma ina jin daɗin hakan fa, wannan ne abin da nike son ku gane. In mutum ya ce min kai ba ka zama, sai in ji kamar yabo ne. A raina mai zama shiru shi ne wanda bashi da abin yi.

Inna kuwa duk wata ina aika mata kuɗi, ban taɓa fashi ba, kuma da wannan nike rufe bakin zuciyata. Tawa daga Yamai wajen kilomita 550 ce, ka bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni sannan ka hau arewa, tahiyar kusan wuni guda a kar, sai na mai da ita kamar bangon duniya. Sallah ƙarama in ce sai babba, babba in ce kasuwa ta buɗe sai bayan ta lafa. Shekara biyu da wata bakwai ban taka ƙauyenmu ba.

Sai 2023 ta zo. Kowa ya san juyin mulkin da sojoji suka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli da abin da ya biyo baya, CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka da Benin da Najeriya, Najeriya ta yanke kuran da take ba mu wanda shi ne mafi yawan wutar da muke sha, Yamai ta koma duhu da ƙarar grup, wato janareta. Ni kuma a daidai lokacin kayanmu na tashar jirgin ruwa ta Kwatano, kuma kasona a ciki ba kuɗina ne duka ba, fiye da rabi bashi ne na ɗauka hannun mutane da alkawarin wata biyu. Kaya suka tsaya, kuɗin ajiya na hawa kullum, motoci sun yi layi a Malanbil, garin iyaka ta ɓangaren Benin, ba mai ƙetare gada, mutane sai ta kwalekwale. Wasu suka ce a juya kaya ta Lome a biyo Burkina cikin ayarin da sojoji ke rakiya, wannan kuma wani sabon kuɗi ne da wata sabuwar fargaba. Na shiga wani hali da ko abinci a tsaye nike ci, barci awa uku, in waya ta yi ƙara sai cikina ya murɗa don ban san wane mai bashi ba ne.

Cikin wannan ne, a watan Oktoba, wani vokal, saƙon murya na WhatsApp, ya shigo daga wayar ƙanena da ke ƙauye, don Inna ba ta da babbar waya. Ina tsaye bakin shago ina faɗa da wani a ɗayar wayar na ga alamar, sakan 47. Wallahi tallahi abin da ya zo min a rai shi ne kuɗi ne, an ce min ƙafarta na ciwo to kuɗin magani ne. Na ba yarona jikka 20 na ce je ka aika ma gida, ban buɗe ba, na ce sai dare. Dare ya yi na manta. Wasu saƙonni suka hau kanshi ya nutse ƙasa.

Kwana 9 bayan haka ƙarfe 4 na asuba ƙanena ya kira, na ga kiran na san ba lafiya ba don ba ya kira a wannan lokaci. Ya ce yaya sai haƙuri, Inna ta cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na shiga kar ta farko amma kafin mu kai Dogon Dutsi an riga an kai ta, ba a jira ba kuma daidai ne, ba a ajiye gawa don wani na hanya. Na iso da la'asar sakaliya na tarar da ƙasa ɗanya.

Kwana biyu ina karɓar gaisuwa kamar dutse, ko hawaye babu, har wayata ina amsawa a bayan zaure. A dare na biyu ne ina neman lambar wani a WhatsApp na gangara ƙasa na ci karo da vokal ɗin, ɗigon nan na wanda ba a saurara ba yana nan. Na fita bayan gida wurin garken awaki na kara a kunne. Da farko ƙarar tabarya ce daga nesa da zakara, sai muryar ƙanena yana cewa Inna yi magana ya fara ɗauka, sai ita, a hankali kamar kullum: "Ku gaya ma na Yamai ba kuɗi nike kira ba, na wancan wata sun iso Allah shi yi albarka. Muryarshi kawai nike son ji. In ya samu sarari ya kira, in bai samu ba babu komi, na san hidima ta yi mishi yawa. Ya riƙa hutawa." Shi ke nan. Sai ta ce ma ƙanena to kashe kar kuɗinka su ƙare.

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Na aika ma uwata jikka 20 a madadin minti biyu, kuma ita ce ma take ba ni uzuri.

Na dawo Yamai na koma gudu, don ban san wani abu ba sai gudun, har ma na ƙara don kar in zauna in tuna. A Disamba ina kan moto wajen gadar Kennedy idona ya yi duhu, Allah ya taimake ni na gangara gefe na tsaya, wani mai takisi ya kai ni likita. Aka auna tansiyo, wato hawan jini, 18 bisa 11. Lokotoron ya rubuta magani ya ce rage gishiri, rage shayi mai ƙarfi, sannan ya dube ni ya ce malam yaushe rabonka da ka zauna ba ka yin komi? Na buɗe baki in ba shi amsa na rasa. Shekaruna ba su kai 40 ba.

Akwai wani dattijo tela a unguwarmu, shi ne ke riƙe makullin masallacinmu, mutum ne mai karatu amma baya son a ce mishi malam. Shi na fara faɗa ma labarin vokal ɗin, ko matata ban faɗa mata ba lokacin. Bai yi min dogon wa'azi ba. Ya karanto min aya ta 18 a Suratul Hashri inda Allah ke cewa kowace rai ta dubi abin da ta gabatar domin gobe, ya kawo maganar da ake dangantawa ga Sayyadina Umar cewa ku yi ma kanku hisabi kafin a yi muku, sannan ya ce ɗana kai ɗan kasuwa ne, akwai daren da kake rufe shago ba ka ƙidaya ciniki ba? Na ce babu Baba. Ya ce to kai kanka fa, shekara nawa ba ka ƙidaya ba?

Na ce zan fara, amma fara ɗin bai zo da sauƙi ba, kuma nan nike son in tsaya don nan ne yawancinmu ke faɗuwa. Na fara gwada dare kafin barci, ina kwanciya barci ke ɗauke ni ko kuma in ce bari in duba saƙo ɗaya sai ga ni a Facebook har 1. Na gwada tsakanin azahar da la'asar a shago, ba a minti biyu sai wani ya leƙo yana tambayar caja. Na gwada bayan asuba a gida, waya na gefena tana haske, na kasa. Kusan wata guda ina wannan wasa, ina cewa ka gani ai dama na faɗa babu lokaci. Sai daga baya na gane abin da nike yi, ina neman lokacin da ba kowa ke so ba ne, ragowa, wanda ba zai ci min ko dala ba, kuma irin wannan lokaci babu shi a rayuwar ɗan kasuwa. Dole sai an yanko daga wani abu mai kuɗi.

Abin da na yi shi ne, in zan fita asuba sai in bar wayoyin duka biyu a ɗaki, na ce ma matata ko sun yi ƙara kar ki kawo min. In an sallame an yi azkar mutane sun watse sai in koma lungu wajen taga in zauna minti 20, dattijon ya san da ni baya rufe ƙofa. Wannan ya sa ina buɗe shago a makare da kusan rabin awa, kuma kar in ɓoye muku na rasa wasu kwastoma na safe, 'yan ƙauye masu son su sari kaya su kama mota ta farko, sun koma wurin maƙwabcina. Ya yi min zafi a lokacin da nike cikin bashi. Amma na riga na biya abin da ya fi wannan tsada.

Kwanakin farko azaba ne. Mutumin da ya shekara 17 bai zauna da kanshi ba in ya zauna ba salama yake tararwa ba, tarin shara yake tararwa. Hannuna yana ta zuwa aljihu yana neman wayar da babu. Muryar Inna ke dawowa, da na buɗe, da na kira, da na tahi sallar bara, da, da, da. Na faɗa ma dattijon na ce Baba wannan zama ƙara min ciwo yake. Ya ce abin da kake yi ba hisabi ba ne, dukan kai ne, kuma Annabi sallallahu alaihi wasallam ya ce kalmar "da" tana buɗe aikin Shaiɗan. Ya ce bambancin su biyun shi ne hisabi kana tashi da aiki a hannu, ko da ƙarami ne, shi kuwa waswasi kana tashi hannu wofi da ƙirji mai nauyi. Ya ce abin da ya wuce tsakaninka da Innarka yanzu addu'a ne da sadaka da kula da waɗanda take ƙauna, sauran lokacin ka duba masu rai.

Sai na sayi kaye ƙarami, littafin rubutu na 'yan lakkol, da bik, na riƙa ajiye shi a aljihun riga. Ba wani tsari gare ni ba, ina tambayar kaina ne jiya me na yi, wa na ɓata ma rai, wa ke jirana, me nike gudu. Sai in rubuta layi biyu ko uku, Hausa da ɗan Faransancin da na tsinta, in zaɓi abu ɗaya da zan yi yau. Ɗaya kawai, don na san kaina in na rubuta goma ba zan yi ko guda ba.

Abin da na tono a cikin wannan kaye ya ba ni kunya. Ranar farko da na yi niyyar rubuta sunan ɗiyana da ajinsu na tsaya a kan na biyun, ban san ko CM1 yake ko CM2 ba, azuzuwan ƙarshe na firamare, ɗan cikina. Na tuna yaron shagona wata uku ina ce mishi haƙuri kan kuɗinshi alhali ina zuba mai a grup ina sayen kiredi. Na tuna yadda matata ta tambaye ni kuɗin gawayi na daka mata tsawa gaban ɗiya, ba don ta yi laifi ba, don wani ya zage ni a waya ne kafin in shigo. Ranar da na koma gida na ce mata ki yafe min abin da na yi shekaranjiya sai ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona, ta ce baban yara lafiya kuwa? Wannan tambaya ta fi zagi zafi, don ta nuna min shekara nawa ba ta ji irin wannan daga bakina ba.

Babban abin da nike gudu kuwa shi ne jimillar bashin. Ni da ke lissafin ribar caja guda, wata biyar ban yarda na haɗa abin da ake bina wuri guda ba, don tsoro. Wata asuba na daure na rubuta su mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya na ja layi na tara. Da yawa ne, hannuna har rawa yake, amma abin mamaki bai kai dodon da ke cikin kaina ba, don abin da ke da lamba ana iya raba shi. Na daina kashe waya in sun kira, na bi su ɗaya ɗaya har shagunansu na faɗa musu gaskiyar inda kaya suke da abin da zan iya ba su duk wata. Biyar sun karɓa, ɗaya ya zage ni tas kuma yana da gaskiya, ɗaya har ya rage min wani abu don Allah. Na sayar da shago na biyu.

An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 amma hanyar Benin ba ta koma yadda take ba, kayanmu da suka iso daga baya sun iso da asara, wasu batir ma sun lalace. Har yau da nike rubutun nan ban gama biya ba, saura mutum biyu. Ina shan maganin tansiyo kullum, zaman asuba bai maye gurbin magani ba kuma kar wani ya ajiye nashi ya ce zai yi tafakkuri. Akwai ranakun da nike fashi, musamman goman ƙarshe na azumi da jajibirin sallah in kasuwa ta haukace, wani lokaci sati guda kayen na aljihu ban buɗe ba, kuma ina ganewa da kaina don muryata ke fara hawa a gida. In na ga haka sai in koma, bana tsayawa zagin kaina.

Kuma na san ba kowa ke da damar da nike da ita ba. Matata ta ce min ita fa, da ke tashi kafin ni ta kwanta bayana? Gaskiya ta faɗa, shiru na yi. Yanzu bayan magariba ni ke zama da ɗiya muna duba kayensu na lakkol, ita ta shiga ɗaki ta ja labule kwata guda ba mai kiranta, ko ƙaramar ta yi kuka ni ke ɗauka. Ban tambaye ta abin da take yi a ciki ba.

Da damina da ta wuce na tahi ƙauye na yi kwana biyar, na bar yaro a shago. Ƙanwar Inna tana nan da rai, ta tsufa idonta ya yi rauni, yanzu duk Juma'a bayan an sauko nike kiranta ta wayar ƙanena, hirar ba ta wuce ta awaki da hatsi da wanda ya haihu da wanda ya tahi Libiya, ina saurare har ta gaji ta ce to kashe. Da zan dawo na roƙi tabarmar Inna aka ba ni, ta tsufa bakinta ɗaya ya zare, akwai wurin da ya lotsa ya yi santsi inda take zama. Tana ɗakina a naɗe bayan ƙofa. Vokal ɗin kuwa na tura shi wurare uku don kar waya ta lalace ya ɓata, bana saurarenshi kullum don bana iyawa, sai ranar da na ji gudun yana son ya dawo.

Yaron nan na kasuwa da ya ce bashi da lokacin tunani, uwarshi na Madawa da ranta. Jiya da safe na kira shi shagona na zuba mishi shayi na kara mishi wayata a kunne ya ji sakan 47 ɗin. Bai ce komi ba, ya ajiye kofin ya fita waje, na hango shi jikin bango yana neman lamba.

Wanda ya karanta don Allah ya sa Innata a addu'a, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta, ya jiƙan namu da naku baki ɗaya.